Talatin da Bakwai

Yayana ya yi shekara talatin da ɗaya a ɗakin gyara na wata masaƙa, har baƙin mai ya zauna a layukan tafinsa kamar da shi aka haife shi. Aikinsa yanka haƙora a jikin faifan ƙarfe, irin waɗanda ke cizon juna su juya inji. Ɗakin taga ɗaya gare shi, kuma in hasken hantsi ya shigo, garin ƙarfe kan tashi yana walƙiya a kan gemunsa.

Ma'aikata suna kiransa Talatin-da-bakwai. A babban injin saƙa akwai ƙaramin faifai mai haƙori goma sha biyu da ke juya wani babba. Duk sanda babban ya cinye, Yaya kan yanka sabo mai haƙori talatin da bakwai, ba ƙari ba ragi.

Na taɓa tambayarsa me ya hana shi yin talatin da shida, lissafi ya fita daidai.

Ya ce, "Auta, daidai ɗin ne matsalar. Talatin da shida tana rabuwa gida goma sha biyu. Kowane haƙorin ƙaramin sai ya riƙa haɗuwa da haƙora uku kacal, su ɗin dai, safe da yamma. In yana da tabo, zai ci ukun nan har su karye. Talatin da bakwai kuwa ba ta rabuwa, sai da ɗaya ko da kanta. Dole kowane haƙori ya gaisa da kowa kafin ya dawo kan na farko. Ciwon sai ya bazu, ba wanda zai ɗauka shi kaɗai."

Matarsa ta leƙo daga kicin ta ce, "To, Malam, ka samu 'yar'uwarka a taurin kai."

Ana nan aka kawo sabon injiniya, da takardar zanen injin a hannunsa. Ya ɗaga faifan da Yaya ya gama, ya bi haƙoran da bakin biro, sannan ya yi dariya a gaban mutane.

"Baba, wa ya koya maka ƙirga? Takarda ta ce talatin da shida."

"Ranka ya daɗe, ɗayan nan da ka gani shi ne ran injin."

"Inji ba shi da rai, Baba. Sake yankawa."

"Hannuna ba zai iya ba."

Ba ƙin umarni suka rubuta a takardar sallamarsa ba. Da hakan ne, da ya rataye ta a bango yana alfahari. Rubutawa suka yi wai idonsa ya yi rauni, ba ya iya ƙirga haƙora. Mutumin da ke gane kaurin gashi a jikin ƙarfe da ɗan yatsa! Har yau ban manta da wannan layin ba. Abu ɗaya ya roƙa, a cire masa shi. Sau uku yana zuwa ofis, sau uku ana ce masa manaja yana taro.

Wani ya yanka musu talatin da shida. A wata na biyar haƙora uku suka ɓalle, tazara ɗaya tsakaninsu, kamar an auna. Sai aka aika ƙasar waje, wurin waɗanda suka ƙera injin. Faifai ya iso cikin akwati, naɗe da takarda mai maiƙo.

Mai walda, abokin aikinsa, shi ya zo gida da labarin, ko zama bai yi ba.

"Talatin da bakwai ne, wallahi! Sau biyu na ƙirga. Ashe zanen nasu kwafi ne, wani ya gyara abin da bai lalace ba. Yanzu injiniya ya tara mu yana koya mana hikimar masu injin."

Yaya na zaune a bakin ƙofa yana zura wa matarsa zare a allura, ba tabarau. Bai ɗago ba sai da zaren ya shige.

"Sun ce wani abu kan takardata?"

Mai walda ya dubi ƙasa.

Yaya ya miƙa wa matarsa allurar. Takardar tana nan cikin akwatinsa, da tambarinsu da sa hannunsu, tana cewa ba ya gani.