Ulun da Ya Ƙi Karɓar Rini

Har yau a Toranke cewa ake yi wai dabara ce ta sa na bar bakin bargon nan fari fat, alhali cikinsa ja ne da rawaya. Babu wata dabara. Gaggawata ce ta jawo, kuma ba zan taɓa manta makon nan ba.

Lokacin kaka ne, an gama yankan dawa, sanyi na tafe. Yayata ta haifi ɗanta na fari a Ajingi. Ranar barka na buɗe baki gaban dangin mijinta na ce kafin suna zan saƙa wa jaririn bargon ulu, kuma da hannuna zan rina shi da ganye. A waya kawai na taɓa ganin ana yi. Sai dai na san mahaifiyar babanmu, wadda muke ce wa Iya, ta yi rinin zare a zamaninta.

Washegari na tari babur zuwa kasuwar Gaya. Iya ta ce in tsaya ta faɗa min irin wanda zan saya. Na ce, "Tsohuwa, ulu ai ulu ne. Wadda ta gama sakandare zare zai gagara?" Na sayo fari sol mai sheƙi.

Na ɗora tukwane biyu, ɗaya karan dafi da kanwa, ɗaya ganyen marke. Ruwan ɗaya ya yi ja jawur, ɗayan ya yi rawaya. Na zuba ulu, ya kwana biyu a ciki. Da na ɗauraye, sai ga shi fari kamar yadda na sayo shi. Hannuna kaɗai ne ya rinu.

Iya ta yi dariya har da hawaye. Ta karɓi bakin zaren ta kanga a garwashi. Nan take ya narke ya dunƙule, warin ƙonanniyar leda ya tashi.

"Shaƙa, sarkin gaggawa. Ulun gaske warin babbakar kan rago yake yi. Wannan roba ce, ƙanin bokiti. Dafa bokiti ki ga ko zai rinu."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Bayan babur?"

Saura kwana huɗu suna. Ga surukar yayata tana jiran bargo. Da Iya ta gama more dariyarta, ta buɗe akwatinta ta fito da tsofaffin fararen zannuwa na auduga, ta aike ni ɗakin Baba in ɗauko wata farar rigarsa da ta ce ta tsufa. Muka yayyanka, muka tsoma. Auduga kuwa ta sha rini kamar jira take.

Haɗa ƙyallayen su zama bargo shi ya kusa kashe ni. Ƙyalle ja, ƙyalle rawaya, da hannu, ga wani zane a ciki don ɗumi. Sau biyu Iya tana warware ɗinkina, wai takunsa ya yi na raƙumi. Ulun kuma na saƙa wa bargon baki da shi, don haushi.

Ranar suna yayata ta naɗe jaririn a ciki, mata suna ta shafawa. Can ta ƙura wa wani ƙyalle ido, ta matso kunnena.

"Ke, wannan ba aljihun rigar Baba ba ne? Wadda yake cigiya?"

Iya ta ce, "Ni na ba ta. Ya kai ni ƙara."

Abin da na koya shi ne, minti biyun da na ƙi tsayawa in saurara ya ci min kwana biyu, kuma masu sanin nan ba za su dawwama suna jiranmu ba. Bana na ce wa Iya ta koya min rinin shuɗi da ganyen baba. Ta ce sati guda ake jira tukunya ta nuna. Na ce zan jira. Ba ta yarda ba, amma na riga na sayo tukunyar.