Rumfar da Hamma Ya Gyara wa Baba

Har yau idan na leƙa bayan gidanmu na ga kujerun ƙarfen nan jingine da katanga suna tsatsa, raina ɓaci yake yi. 'Yan'uwa sun ce in bar maganar, wai abin ya wuce. Ni dai bai wuce mini ba.

A bayan gidanmu a Mubi, inda a da ake ɗaure shanu, akwai rumfar da Baba ya kafa tun kafin a haife ni. Ginshiƙanta na itacen ƙirya ne, samanta karan dawa da zana, ƙasanta yashi ne da ake ɗebowa daga mayo, wato rafi, duk bayan damina. Wurin yana da ƙofarsa ta langalanga mai fita lungu, don haka baƙon Baba ba sai ya ratsa cikin mata ba. Da Inna ta rasu, gwiwa kuma ta hana Baba zuwa kasuwar shanu, rumfar nan kaɗai ta rage masa. Ni ce auta, ni ce kuma a gida. Da hantsi sai in shimfiɗa masa buzunsa, in ajiye buta da ƙwaryar fura, tsofaffi su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya tuɓe takalmi a bakin yashi ya nemi gefen tabarma. A yi ta hirar ruwan bana da cutar shanu da wanda ya rasu a Sorau, da Fillanci da Hausa duk a cakuɗe. Hirar nan ce take riƙe da tsohon. Ranar da ba wanda ya zo, abincinsa ma dawo mini da shi yake yi.

Wanda ya fi kowa zuwa wani tsohon manomi ne daga Muchalla, abokin Baba tun suna samari, lokacin da shanunmu ke cin karan gonarsa suna bar masa taki. Bappa muke ce masa. Duk ranar kasuwa zai hau acaɓa ya zo, ƙafa duk ƙasa, da ɗan ƙunshin gyaɗa a aljihu. Idan suka haɗu har a madafa nake jiyo dariyar Baba.

Sai babban wanmu, Hamma, ya zo hutun Sallah daga Abuja da abokan aikinsa. Suka shiga gaida Baba, ɗaya ya sunkuya bai sunkuya sosai ba, kara ya tuɓe masa hula. Aka yi dariya aka wuce, amma Hamma bai wuce ba. Da yamma ya same ni ina tsince shinkafa, ya miƙo mini waya.

Ya ce, "Auta, zaɓi. Zan gyara wa Baba wurin zama. Mutane za su ce na yi watsi da ubana."

Hotuna ne na bayan gidajen masu hali: rufin jan kwano, ƙasa farin tayil yana walƙiya, kujerun ƙarfe masu kushin fata, da tebur na gilashi a tsakiya. Na duba na mayar masa.

Na ce, "Hamma, in gyara kake so, a sake zana, a ɗaga ginshiƙan kaɗan, a zubo sabon yashi. A sayo tabarmin kaba masu kauri. In ka matsu da kujera, a yi masa guntuwa ta katako wadda zai jingina bayansa."

"Katako gara ce za ta cinye."

"Ƙiryar da ke can ta girme ni, gara ba ta taɓa ta ba."

"Ke ba ki san kayan zamani ba. Ƙarfe ya fi ƙarko, tayil kuma goge shi kawai za ki yi. Sauƙi nake nema miki."

Wai sauƙi yake nema mini. Mutumin da bai taɓa wuni a rumfar ba, bai san ta ina rana ke shigowa da la'asar ba, shi ne zai gaya mini sauƙi. Na ce masa tsofaffin nan a ƙasa suke zama, a bakin yashi suke alwala, a cikinsa suke binne tukar goro. Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa za a gyara. Daga ƙarshe ya ce mu je a tambayi mai wurin.

Nan ne abin da ya fi ƙona mini rai. Hamma ɗan fari ne. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa, ba ya haɗa ido da shi, balle ya ce masa a'a. Kunya ce, da ita muka tashi, kuma Hamma ya fi ni saninta tunda a kansa take. Ya tsuguna gefen buzu ya ce, "Baba, ina so in gyara rumfar nan." Baba ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya juyo wajena, ba wajensa ba, ya ce, "Ki ce masa Allah ya yi albarka."

Hamma ya miƙe ya ce, "To, kin ji."

Na ji. Na kuma ga yatsun ƙafar Baba suna tona yashi, yadda yake yi idan abu ya dame shi. Bayan Hamma ya fita na ce, "Baba, don me ba ka hana shi ba?" Ya ce, "Yaro ya zo da niyyar alheri. Da wane baki?" Wallahi ranar har Baban na ji haushi.

Ma'aikata suka zo suka tumɓuke ginshiƙan ƙirya, maƙwabta suka kwashe suka yi girki da su. Aka kafa bututun ƙarfe, aka buga kwano, aka shimfiɗa farin tayil. Kujeru suka iso a mota daga Yola, manya, ƙafafu dogaye, aka jera su kewaye da teburin gilashi. Hamma ta waya ya ba da umarni a kafe ƙafafunsu a siminti, wai saboda ɓarayi, tunda ƙofar lungu ce. Aka ɗora Baba a kan ɗaya, ƙafafunsa na lilo, aka ɗauki hoto aka tura Abuja. Kafin azahar gwiwar ta kumbura.

Washegari ya ce in shimfiɗa masa buzu a ƙasa. Na nemi wuri tsakanin kujera da tebur na cusa. Da safe sanyin tayil ya ratsa buzun ya shiga ƙashinsa, da rana kwano ya ɗauki zafi har kushin ya yi ta warin roba. Amma ba zafin ne ya kori mutane ba. Baba yana ƙasa, wa zai hau kujera ya zauna sama da shi? Ba wanda aka haifa a ƙasar nan da zai yi haka. Tabarma kuma ba ta da inda za ta miƙe, ko'ina ƙafar ƙarfe ce. Sai ka ga dattawa masu furfura sun rarrakuɓe tsakanin kujeru, wannan ba ya ganin fuskar wancan, ana gaisawa ta ƙarƙashin tebur. Wani ya yi alwala a gefe, ruwa ya kwanta a tayil, na bayansa ya zame ya bugi ƙugu. Mai cin goro kuma sai ya tashi ya fita lungu ya tofar, in ya fita sai ya wuce gida.

Bappa ya zo da damina. Ina tsaye da ƙwaryar fura na gan shi ya ja birki a bakin tayil yana kallon ƙafafunsa. Ya tuɓe takalmi ya taka, sawunsa ya fito ja a kan farin. Sai tsohon nan ya sunkuya ya kama gefen rigarsa yana gogewa. Na ce, "Bappa, bar shi don Allah." Ya ce, "Wuri ya yi kyau, kar a ɓata." Ya gaisa a tsugune, ya ajiye gyaɗarsa, ko furar bai sha ba ya ce kasuwa na jiransa. Ya sake zuwa sama-sama, daga baya sai dai mai acaɓa ya kawo gaisuwarsa.

Na kira Hamma na zazzage masa duk abin da ke cikina. Ya saurara ya ce, "Baba ya yi ƙorafi ne?"

"Ka san ba zai yi ba."

"To, in bai yi ba, ke mece ce taki?"

Na kashe wayar. Na je da kaina na samo mai walda ya yanke kujerun. Yana shigowa da kayan aikinsa Baba ya ɗaga hannu ya ce, "Kada a taɓa abin da ya yi." Kunyar da ta hana shi ƙin abin, ita ta hana shi bari a cire. Mai walda ya naɗe wayarsa ya tafi, ni kuma na shiga madafa na yi kuka na takaici.

Daga nan Baba ya daina fitowa. Ya koma ɗaki, buzunsa a gefen gado, rediyo a kunne. Idan ya ji motsi a lungu sai ya rage murya ya saurara, in motsin ya wuce ya mayar. Abinci ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Ni kuma kullum da safe in goge farin tayil da ba mai takawa, in kaɗe kashin ƙadangare daga teburin gilashi. Ba na cewa rumfa ce ta kashe shi, kwanansa ne ya ƙare. Amma shekararsa ta ƙarshe shi kaɗai ya yi ta, kuma da ba haka za ta kasance ba.

Ranar da aka dawo daga maƙabarta, masu ta'aziyya suka cika lungu. Zaman makoki ba a yin sa a kan kujera, kowa ya sani. Hamma da kansa ya aika aka kira mai walda, wancan dai da Baba ya mayar. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya gama yanke su. Aka jingine su da katanga, aka fitar da tebur, aka malala tabarmi daga wannan kusurwa zuwa waccan. Tsofaffi suka shigo, na garin Uba, na Sorau, na cikin gari, duk waɗanda suka ɗauke ƙafa. Bappa ya zauna daidai inda ya saba zama, gefensa ba kowa.

Da la'asar Hamma ya leƙo cikin gida neman ruwa, idonsa ja. Ya ce, "Auta, kin ga wurin ya ɗauki mutane."

Na ce, "Ya ɗauka, Hamma. Da ka kira mai waldan nan tun bara, da Baba ya zauna a cikinsu."

 Na dama fura a ƙwaryar Baba, na miƙa wa Hamma na ce ya kai wa Bappa, tun safe bai sa komai a bakinsa ba.