Bakin Makullin Sarƙa

Shekara talatin tsohon nan bakanike yana gyaran babura a rumfarsa, bai taɓa cewa wani ya duba masa aiki ba. Bana ne ya fara laluben sifana kafin ya ɗauka. Mu masu zama wurinsa muka yi kamar ba mu gani ba.

Rannan surukinsa, mijin 'yarsa, ya kawo babur a canja sarƙa da faifan haƙoranta biyu. Babur ɗin ne yake ɗaukar 'yar tsohon da jikarsa kullum. Aiki ya tafi daidai har aka zo kan ɗan makullin da ke haɗa sarƙar. Ƙa'ida bakinsa ya kalli baya, don in aka juya shi, ana cikin gudu yake fita.

Tsohon ya sa, ya cire, ya sake sawa. Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Baba, an gama? In tayar?" in ji surukin, har ya ɗora ƙafa.

"Dakata." Tsohon ya yafito shi. "Sunkuyo nan, ɗana. Bakin nan ina yake kallo?"

Surukin ya sauko ya duba. "Gaba, Baba."

Tsohon ya miƙa masa filaya.