Furen da Ya Hana Hajiya Tafiya

Jama'a, Hajiyarmu ta fasa komawa Kano, kuma wallahi ba za ku yarda da dalilin ba!

Tun da ta zo nan ƙasar Turawa taya ni renon jariri take mitar a matso mata da ranar tafiya. Wai ƙasar da ake ruwa kullum amma itatuwa duk sun bushe ba ta da albarka. Yau da ƙyar na lallaɓa ta muka hau tudun da ke dajin bayan unguwarmu ta Croydon. Tana tafe tana tsaki. Kawai sai ta tsaya cak! Ƙananan furanni ne farare da rawaya, sun ɓullo ta cikin busassun ganye.

Ta ce, "Wa ya shuka?"

Na ce, "Ba kowa, Hajiya."

Ta ce, "Ƙarya ne, 'yan ƙaramar hukuma ne, council!"

Ta sa ni dole na tambayi wata tsohuwar Baturiya mai yawo da kare. Matar ta yi dariya, ta ce da kansu suke fitowa, kuma nan da wata guda duk dajin zai koma shuɗi da wasu furannin.

Hajiya ta durƙusa tana ta subhanallahi. Can ta ɗago ta harare ni.

"Ke, kar ki taɓa min tikiti. Sai na ga shuɗin nan da idona!"