Na'urar da ya taho da ita daga Damaturu

A shekarun da ake binciken motoci a kowace mashigar Gombe, aikina shi ne kafa na'urar intanet a saman gini. Farin akwati ne ƙarami da ake ɗaurewa a kan dogon ƙarfe, a saita fuskarsa ga turken kamfani, ya kamo sabis ta iska. Ba na hawa rufin kowa sai na gaida mai unguwa, domin a lokacin duk wanda aka hango a sama da wayoyi a hannu sai ya yi bayani.

Wata rana aka kai ni wurin wani dattijo a unguwar Hammadu Kafi, wanda ya yi hijira daga Damaturu. Shagon kwamfuta gare shi a can, inda ɗalibai ke rajistar jarrabawa. So yake ya buɗe irinsa a nan kafin a rufe rajistar shekarar, don da shi zai ciyar da iyalinsa. Ranar da ya fito babu wuri a mota. Na'urori biyu ne a rufinsa, sai ya kwance mai tsadar, ya bar mai arahar.

"Injiniya, wannan ba irin ta kasuwa ba ce," in ji shi. "Daga Legas aka kawo min."

Na duba bayanta. Wani kamfani ne ya ƙera ta don turkensa shi kaɗai, kuma ba shi da turke a Gombe. Da ya kwatanta min wadda ya baro, na gane ita ce ke bin ƙa'idar da kamfanoni suka amince da ita tare, wadda kowane turke zai karɓa matuƙar zangonsu ɗaya ne, kamar rediyo da tasha.

Ya ce dai a gwada. Na hau, na juya ta wajen Kwadon, na dawo da ita wajen cikin gari. Fitilarta ba ta bar ja ba.

"Ƙara ɗagawa, Injiniya, ko tsoron sama kake?"

"Baba, ko a hasumiya na ɗora ta, ba za su gaisa da turken ba."

Da na sauko ya ce jibi zai koma Damaturu ya ɗauko ɗayar. Hanyar kuwa ba ta da kyau a lokacin. Na ce masa ba sai waccan ɗin ba, kowace mai bin ƙa'idar za ta yi. Akwai wata tsohuwa da na cire daga wani shagon magani a Herwagana, na kawo ta washegari. Kafin na gama ɗaure ta fitilar ta koma kore.

Ya fasa tafiyar, ya aika aka rubuto masa allon shago.