Kawu Ilu da Ruwan da Ba Mai Rufewa

Duk wanda ya taɓa yin alwala kusa da Kawu Ilu a masallacinmu na unguwar Sanaiya a Doha ya san zancen. Kana cikin wanke fuska sai ka ga hannu ya zuro ta kafaɗarka ya murɗe famfo. "Khalas, ya isa, malam. Alwala kake ko wankin mota?" Ko liman bai tsira ba. Shekara da shekaru yana tuƙa tankar ruwa a Doha, shi ya sa ɗigo ɗaya in ya zuba a ƙasa yake jin sa har cikin ransa. Ni ɗan ƙanwarsa ne, shi ya kawo ni ƙasar nan, don haka ba wanda ya sha murɗiyar famfo kamar ni.

Wata rana Rashid, bakaniken garejinsu ɗan jihar Kerala, ya gayyace mu bikin 'yarsa a can ƙasarsu. Ya nuna wa Kawu hoton wani ruwa da ke zubowa daga kan dutse a cikin kurmin garinsu. Kawu ya ƙura wa wayar ido ya ce, "Ƙarya ce, da kwamfuta aka haɗa." Rashid ya rantse. Shi ke nan fa, Kawu ya kafe sai ya gani da idonsa.

Matsalar ita ce zuciyarsa. Ko hawan bene likita ya hana shi. Inna Rabi, matarsa, ta kira ni daga Kano ta ce, "Nura, amana na ba ka. Da ka ga yana haki ku juyo. Ka dawo min da shi da ƙafarsa." Na ce to, duk da na san halin wanda aka ba ni.

Muka je Kerala aka sha biki. Ranar shiga kurmi Rashid ya kawo mana takalman hawa da rigunan ruwa. Sai ga Kawu cikin farar jallabiya da silifas, sai ka ce Juma'a za shi.

"Kawu, sa rigar ruwa, hadari ya haɗu."

Ya ɗaga kai ya dubi sama a wulaƙance. "Wannan? Irinsa nawa na gani a Doha? Ya yi baƙi ƙirin, ya tsorata mutane, ya watse."

Ba mu yi nisa ba sama ta ɓalle da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Jallabiya ta manne masa a jiki, silifas ɗaya ya maƙale a taɓo. Na sake miƙa masa rigar, ya ce, "Yanzu kuma me za ta tare?"

Can gaba matsattsaku suka ɗafe masa ƙafa, sun sha sun yi ɓul-ɓul. Rashid ya durƙusa da ƙullin gishiri zai cire su, Kawu ya janye ƙafar. "Bar su su sha. Dama likita ya ce jinin ya hau."

Da muka fara hawan tudu dariya ta ƙare mini. Kawu ya zauna a kan saiwar wata ƙatuwar bishiya yana haki, leɓensa ya yi fari. Na ce, "Kawu, mu juya. Na yi wa Inna alkawari."

"Kai ka yi mata, ba ni ba." Ya ɗaga yatsa. "Saurara."

Wani ruri ne ke fitowa daga bayan bishiyoyi. Ya ce, "Rayuwata ta ƙare a kai wa mutane ruwa cikin tanki, ban taɓa ganin inda yake zuwa da kansa ba. In ka mayar da ni daga nan, ni da kai har abada." Wallahi haushi da tsoro suka cika ni. Ni da Rashid muka tallabe shi ta hammata, muna tafiya yana mita wai ba gawa muka ɗauko ba.

Da muka isa ya tsaya baki buɗe, feshin ruwa na dukan fuskarsa. Can ya juyo.

"Rashid, haka yake zuba kullum?"

"Kullum, dare da rana."

"Kuma ba wanda ya kai ƙara?"

Muka tuntsire da dariya, shi ma ya yi, har da hawaye. Ya ce in kira Inna ta ji, na ce babu sabis. "To ɗaukar mata ƙarar a waya." Na miƙa masa wayar ya riƙe da kansa, daga baya ya tura mata.

Da ƙafarsa ya dawo, faɗan da na sha wurin Inna kuwa sai wanda ya ji. Shekarar da ta biyo Allah ya karɓi abinsa a ɗakinsa na Sanaiya. Da na je Kano ta'aziyya, Inna ta kunna mini ƙarar nan, ta ce ita ba ruwan take saurara ba. Na kasa kunne. Ƙarƙashin rurin ga hakinsa, ga muryarsa can ƙasa-ƙasa: "Rabi, kina ji? Na iso."

Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya yafe masa, ya isar da shi Aljanna cikin sauƙi. Inna Rabi kuma Allah ya sanyaya mata zuciya.