Barewa Mai Dogon Hanci

Muna idar da sallar asuba muka fita daga unguwarmu La Courneuve a gefen Paris, ni da maiɗakina. Ita tana riƙe da kwanon dambun nama, ni ina ɗauke da saƙo. Wana ne ya kira ni daga Damagaram, ya ce ɗiyarsa da ke karatu a Lyon tana son tafiya ƙasar Kazakistan bin wata barewa. "Je ka gani da idonka. In shirme ne, ka ce ta tattara ta dawo gida." Abin da na faɗa masa shi zai zartar. Ni kuwa tun a jirgin metro na riga na yanke cewa shirme ne.

Daga Paris zuwa Lyon sa'a biyu ce a jirgin ƙasa. Gonaki kore shar, ga shanu ƙosassu suna kiwo babu makiyayi. Na tashi sayen kofi, da na ji kuɗinsa na dawo mazaunina salin-alin. Maiɗakina ta yi dariya ta fiddo shayinta na gida.

Yarinyar ta tarbe mu a tasha, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe mu, Turawa na kallo. Ta kai mu ɗan ɗakinta a unguwar Minguettes, can ƙololuwar bene. Bayan mun ci shinkafa da wake ta kunna kwamfuta, ta nuna mini dabbar, wai saiga. Jiki na barewa, hanci kuwa kamar an guntule na giwa an manna mata. Na ƙyalƙyale da dariya.

"Saboda wannan mummunar za ki bar gida?"

Ba ta ji haushi ba. Ta ce hancin ne ke tace mata ƙura da rani, ya ɗumama mata iska da sanyi. Maharba sun kusa ƙarar da mazan saboda ƙahonsu, sannan wata cuta ta zo ta zubar da garke-garke cikin 'yan kwanaki. Amma da aka hana harbi, aka tsare wuraren haihuwarsu, sai suka sake yaɗuwa, don yawanci tagwaye suke haifa.

Daga nan ta nuna mini bidiyon aikin da za ta yi. Mutane sun jeru suna tafiya a hankali cikin ciyawa. In sun ga jariri kwance, sai su ɗauke shi da safar hannu, su auna nauyinsa, su mayar da shi daidai inda yake, su wuce da sauri kada uwar ta ƙi shi.

Nan dariyata ta tsaya. Mahaifinmu maharbi ne. Ba ya harbi lokacin haihuwa, kuma ya hana mu taɓa ɗan barewa da hannu. Da ya tsufa, ni da wana ne muka raka maharba masu motoci cikin dajinmu, muna nuna musu makwantar bareyi. Rabona da ganin barewa a can har na manta. Wallahi kunya ta kama ni.

"Baffa," in ji ta, "Kaka ne ya ba ni labarin bareyinmu. Ni ban taɓa ganin ko ɗaya ba. So nake in koyo yadda aka dawo da na Kazakistan."



Washegari muka kamo hanyar Paris. Ina isa gida na kira wana. Muka gaisa, muka tambayi iyali da gajiya, sannan ya ce, "To, me ka gani?"

Na ce, "Yaya, abin da muka ƙarar ni da kai, shi take son koyon gyarawa. Ka bar ta ta je."

Sai ya ce in saya mata rigar sanyi mai kauri.

Na tafi Lyon in dawo da yarinya gida, na dawo ina tambayar inda ake sayar da rigar sanyi.